Ni da nake nas, ni na dagula wa Mama magani

Har yau in na tuna abin nan kunya ce ke rufe ni wlh. Shekara bakwai ina aikin jinya, amma a cikin gidanmu na tafka kuskuren da in ɗalibata ce ta yi shi sai ta sha faɗa.

Mama na da matsalar tairod, ƙwayar nan ta gaban wuya ce ta daina samar da isasshen homon. Kullum gajiya, jin sanyi ana tsaka da zafi, fata duk ta bushe. Aka ɗora ta kan tairoksin, maganin da ke maye gurbin homon ɗin, wanda a kwali zaki ga an rubuta levothyroxine, aka fara da maikrogiram 25 saboda shekarunta, sannu a hankali aka kai 75, ta warware abinta.

Daga baya aka ƙara mata maganin ƙarin jini da kalsiyam na ƙashi. Ni kuma uwar iya tsari, tunda tana yawan mantuwa sai na samo ɗan akwatin nan mai gida bakwai na zuba mata duka a gida ɗaya, da safe ta watsa su baki ta kora da ruwa shikenan. Alhali ƙarfen da ke cikin maganin jini da kalsiyam kama tairoksin suke tun a cikin hanji su hana shi shiga jini yadda ya kamata. Tazarar awa 4 ake sawa tsakaninsu, shi kuma tairoksin ruwa zalla yake so kan ciki ba komai, minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya. Na sani fa! Da bakina na sha faɗa wa marasa lafiya, amma da ya zo kan uwata sai basira ta toshe.

Gajiya ta dawo. Aka yi gwajin TSH, gwajin jinin da ake duba tairod da shi, ya hau sama, wato ƙwaƙwalwa ce ke ta kururuwar homon bai isa ba. Likita ya ce "Mama kina shan maganinki kullum?" ta ce ko rana ɗaya bata tsallake, kuma gaskiya ta faɗa. Aka ƙara zuwa 100, bayan wajen sati 8 aka sake gwaji aka kai 125. Ba wanda ya tambaya da me take haɗa shi, ni ma da nake zaune a gefenta ban ce uffan ba.

Ranar da na farga ina cika akwatin ne, na tsaya ina kallon ƙwayoyin uku a gida ɗaya gabana ya yanke ya faɗi. Nan take na raba su, na jini da kalsiyam na mayar yamma. Kuma ban gaya wa likita ba. Wannan shi ne ya fi min ciwo, na farkon mantuwa ce, wannan kuwa kunya ce kawai, bana so a ce sista guda ta yi haka.

Ban yi lissafin cewa 125 ɗin an kai shi ne don cike gurbin wanda ke lalacewa ba, yanzu kuma duk shiga jini yake. Da yake maganin na daɗewa a jiki, sai wajen sati ɗaya rabinsa ke fita, abin bai nuna ba sai da aka kusa wata. Mama ta daina barci, hannu na karkarwa, gumi sharkaf, wani dare ta tashe ni wai zuciyarta kamar zata fito. Na kama hannunta na ƙirga bugun, ya haura 110 a minti ɗaya. Ga tsoho kuma yawan tairoksin na iya rikita bugun zuciya gaba ɗaya, ya cinye ƙashi in an daɗe.

A asibiti na zayyane komai kaina a ƙasa. Likitan bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "Sista da kin faɗa min ranar, da a ranar zan rage." Ya mayar da ita 75.

Yanzu duk mai tairoksin da ya zo hannuna bana tsayawa a "kina sha?", sai na ce ƙarfe nawa, da me da me, har maganin ƙwannafi ina tambaya don shi ma yana kama shi. Na Mama kuwa gefen gadonta yake shi kaɗai da kofin ruwa. Har gobe in ta gan ni da akwatin nan sai ta ce "ke 'yar nan ajiye, na iya da kaina."