Delinquency da Kangara: Inda Fassara Take Tuntuɓe

A makon jiya wani abokin aikina ya kawo mini takardar rance ta wani banki domin in fassara masa, sai na ci karo da kalmar Turancin nan delinquency, har alƙalamina ya fara rubuta "kangara" kafin in ankara cewa bashi ba ya kangarewa. A bakin ma'aikatan banki, abin da kalmar take nufi shi ne wa'adin biya ya wuce alhali wanda ake bi bai biya ba.

Tushen kalmar daga Latin yake, inda take nufin gazawa wajen sauke nauyin da ke wuyan mutum, amma ta fi shahara a fagen shari'ar yara, musamman bayan da aka kafa kotun yara ta farko a birnin Shikago na Amurka a 1899. A nan Najeriya akwai gidajen horo irin na Borstal a Kaduna da Ilori da Abekuta, waɗanda suka aro sunansu daga wani ƙauye a Ingila inda aka fara wannan tsari a 1902. Gidajen rediyonmu kuwa sun saba kiran irinsu "gidan horon kangararrun yara".

A nan ne nake da ja. Bahaushe ba ya cewa yaro ya kangare sai an yi faɗa, an yi nasiha, an kai shi gaban kawu da malamin allo, duk abin ya gagara, kamar icen da ya bushe a karkace. Ke nan kangara hukunci ce a kan halin yaro gaba ɗayansa, alhali abin da kotu take dubawa shi ne aikin da ya aikata da kuma shekarunsa, shi ya sa dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato Penal Code, ba ta ɗora laifi a kan wanda bai kai shekara 7 ba. Yaron da ya ɗauke waya sau ɗaya a kasuwa bai zama ɗan daba ba, amma da zarar an kira shi kangararre a rediyo, sunan zai bi shi har ranar da magabatansa za su je nema masa aure.

Saboda haka idan maganar shari'a ce, na fi son in rubuta "laifukan ƙananan yara", ko da yake ya fi tsawo. A takardar bankin kuwa "jinkirin biyan bashi" na sa.