Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kwanakin ƙarambau

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya muka yi arba'in, ni da 'yar da Allah Ya ba mu, sai yau na samu natsuwar zama in rubuta wannan. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya raba mu lafiya. Da yawanku kun zo barka an tsayar da ku a tsakar gida, wasu kun ji an yi suna ba taro, kuka haɗiye abin ba ku tambaya ba. Kuna bina bashin bayani, kuna kuma bina bashin godiya.

Cikina yana mako 35 abin ya faro, a tsakiyar watan Maris, lokacin da zafin garinmu Garwa ke hana mutum barci ko a waje ya shimfiɗa tabarma. Ɗan maƙwabciyata mai shekara 4 ya wuni gidanmu suna wasa da nawa yaron. Da la'asar jikinsa ya yi ɗumi, ya zo ya kwanta a cinyata, na yi ta yi masa fifita har uwarsa ta dawo daga kasuwa. Washegari bayan isha'i sai na ji sallamarta a bakin zaure. Na ce ta shigo, ta ƙi. Daga can ta ce: "Adda, kada ki matso. Ƙarambau ne ya fito wa yaron nan, kuma jiya a jikinki ya wuni. Don Allah gobe ki je asibiti, kada ki jira ranar awo."

Da ita zan fara, domin ita ce ta fi kowa cancanta. Ba ƙaramin abu ba ne mace ta taka da ƙafarta ta ce ɗana ne ya kawo miki ciwo. Tana iya yin shiru, ba wanda zai sani, tunda ƙarambau ya cika unguwa a lokacin. Na ji wasu maganganu da aka yi ta yaɗawa a kanta, wai ta san yaron ba lafiya ta turo shi. Wallahi ba haka ba ne, kuma ina roƙon a bari. Ranar da ya kwanta a cinyata ko ƙurji ɗaya babu a jikinsa. Likita da kansa ya gaya mini cewa ciwon yana yaɗuwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su fito, ta numfashi da tari, ya ci gaba har sai duk sun bushe sun yi ɓawo. To ta ina za ta sani? Ƙanwata, Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki yaranki. Zuwanki na daren nan ne ya ba mu lokacin da muka yi amfani da shi.

A daren na ce mata ai ciwon yara ne, kowa ya yi. Haka muka taso muna ji. Sai da na je asibiti na gane ga mai ciki maganar daban ce. Tambayar farko da malama ungozoma ta yi mini ita ce: kin taɓa yi? Wanda ya taɓa yi yawanci ba ya sakewa, kuma kariyar jikin uwa tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗa. Na kira Inna a Marwa, ta ce ta tuna da ƙyanda, amma ƙarambau yayata ce ta yi. Goggo ce, wadda ta riƙe ni ina ƙarama, ta yanke maganar: shekarar da yaran gidan suka yi, ina wurinta, ban yi ba. Gwajin jini ya fito ya gaskata ta. Goggo, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Kuma ku iyaye, ku riƙa rubuta irin wannan a littafin asibitin yaro. Ƙyanda daban, ƙarambau daban, ba cuta ɗaya ba ce.

Likitan da ya duba ni bai ɓoye mini komai ba, bai kuma firgita ni ba, ya zauna ya yi mini bayani da Fillanci da ya ga Faransancina ba ya ɗaukar maganar asibiti. Ya ce tsoron a haifi yaro da nakasa na farkon ciki ne, musamman kafin mako 20, kuma ko a can ba kasafai ba. Ni na wuce nan. Abin da ya rage abu biyu ne. Na farko ni kaina, domin ƙarambau ya fi tsanani ga babba, kuma yana iya sauka a huhun mai tsohon ciki. Na biyu lokacin haihuwa: idan ƙurajen suka fito wa uwa a cikin kwana 5 kafin ta haihu ko kwana 2 bayan ta haihu, jariri yana ɗaukar cutar ba tare da ya samu kariyar uwarsa ba, kuma wannan yana iya zama mai haɗari ƙwarai. Ya rubuta mini maganin aciclovir, ya ce in fara a rana ta 7 daga ranar da yaron ya kwanta a cinyata in sha mako guda, yana rage haɗari amma ba alkawari ba ne. Allurar rigakafin ƙarambau kuwa ba a yi wa mai ciki. Sannan ya ce mu ƙirga kwana 21, domin ciwon yana ɓuya a jiki tsakanin kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana.

Maigida ne ya riƙa ƙirgar. Ya ɗauki gawayi yana jan layi a bayan ƙofar ɗaki kullum bayan asuba, har yau layukan suna nan ban bari an goge ba. Baban yara, ba na iya faɗin komai a bainar jama'a, ka dai san abin da ka yi. Allah Ya ƙara rufa maka asiri.

Abin da ya fi yi mini ciwo a kwanakin nan shi ne raba ni da yarona. Shi ma ya yi wasa da mai ciwon, don haka Hajiya, mahaifiyar maigida, ta zo da kanta ta ɗauke shi. A rana ta 14 nasa ya fito, har cikin baki da fatar kai. Ina jin kukansa ta waya yana cewa a kai shi wurin Mama, ni kuma ba halin zuwa. Hajiya ta yi kwana da kwanaki ba barci, ta yanke masa farce, tana yi masa wanka da ruwa mai ɗan sanyi, tana shafa masa farin maganin ƙaiƙayi ƙurji bayan ƙurji. Da wani ya kawo asfirin ta mayar masa da abinsa, ta ce an hana, farasitamol kawai. Gaskiyarta ne, ba a ba yaro mai ƙarambau asfirin. Hajiya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki.

A rana ta 18, muna ganin mun kusa fita, na tashi da zazzaɓi. Ina wanka hannuna ya taɓa wani abu a ƙasan wuya, na duba madubi, ƙurji ne ƙarami mai ruwa a ciki kamar raɓa. Kafin azahar sun zama bakwai. Cikin ya shiga mako 37 da kwana huɗu, haihuwa ko yau ko gobe. A ranar aka sake ɗora ni kan magani, domin an fi so a fara cikin awa 24 da fitowar ƙuraje, aka ce in na ji tari, ko numfashi ya yi mini wuya, ko ciwon ƙirji, ko jini, ko motsin ciki ya ragu, in taho ko tsakar dare ne.

Duk mai tsohon ciki addu'arta Allah Ya kawo haihuwa da wuri ta huta. Ni tawa ta koma Allah Ya jinkirta. Ko marata ta ɗan murɗa sai gabana ya faɗi, in dafa cikin in ce yi haƙuri, ba yanzu ba. A nan zan gode wa malama ungozoma. Ba ta bari na shiga layin awo cikin sauran masu ciki ba. Sai kowa ya watse take duba ni a wani ɗaki na daban, lokacin da ya kamata a ce ta tashi aiki. Kullum da dare sai ta kira: "Yaya numfashi? Yana motsi?" Ba ta taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Addata kuma, wadda ta yi nata ƙarambau tun tana yarinya, ta bar gidanta ta tare a wurina, girki, wanki, ɗebo ruwa, har da riƙe mini hannu in ƙaiƙayi ya tashi cikin zafin dare ba wuta. Ga mai mashin ɗin unguwarmu da ya ce a buga masa waya ko ƙarfe nawa ne, ga malaman makarantar allo da suka yi ta addu'a, ga matan adashinmu da suka ba ni ɗauka ba a zo kaina ba don kuɗin gwaji da magani. Waɗanda suka aiko da jiƙo da saiwoyi, na san ƙauna ce, ban sha ba ne don an hana ni shan abin da ba a san ƙarfinsa ba, kada ku ji haushi.

Nawa ya zo da sauƙi, bai taɓa huhu ba, ƙurajen suka bushe cikin mako guda. Kwana 13 bayan fitowarsu naƙuda ta zo, na haifi mace kafin asuba, fatarta sumul. Duk da haka likita ya ce a sa mata ido makonnin farko, ko zai fito mata, kuma a nisanta ta da masu ciki da waɗanda ba su taɓa yi ba, don kada mu ma mu zame wa wata sanadi. Dalilin tsayar da ku a tsakar gida ke nan, da dalilin suna ba taro. Ku yafe mana. Nono kuwa an ce in ba ta, na ba ta tun ranar farko. Har yau ba abin da ya fito mata.

Yayanta ya dawo gida kwana biyu kafin suna, da ɗan tabo a goshi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ya ɗaga riga ya nuna mini cikinsa ya ce: "Mama, duba, sun warke, in zo?" Ƙofa a buɗe take yanzu, duk wanda bai ga jaririya ba ya zo, an raɗa mata sunan Goggo.