Kafin a kira shaidan farko

A duk karatun da na yi kan shari'ar manyan laifuka a Amurka, babu abin da ya zauna mini a rai kamar ranar da ake zaɓen mutum 12 da za su taya alƙali yanke hukunci. A Najeriya alƙali ne ke sauraron shaidu ya yanke da kansa, don haka sai da na karanta ƙararraki da yawa kafin na ga nauyin wannan rana.

Ana tara 'yan gari, lauyoyi su yi musu tambayoyi, kuma kowane ɓangare na iya sallamar wasu ba tare da faɗin dalili ba. Idan kisa ake nema, duk wanda ya ce ko kusa ba zai yarda a kashe mutum ba, cire shi ake yi tun daga nan. A 1986, a ƙarar Batson, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta sallamar mutum saboda launin fatarsa. Sai dai mai gabatar da ƙara kan kawo wani uzuri, alƙali ya karɓa. A shari'ar Timothy Foster a jihar Jojiya, an samu takardun masu gabatar da ƙara inda aka ja koren launi a kan sunayen baƙaƙen fata, aka rubuta harafin B (wato baƙar fata) a gefe. Kusan shekara 30 ya yi yana jiran kisa kafin kotu ta soke hukuncin a 2016.

Batun kuɗi kuwa, binciken Alƙali Arthur Alarcón da Paula Mitchell na 2011 ya nuna Kalifoniya ta kashe kimanin dala biliyan 4 kan hukuncin kisa tun 1978, an zartar da kisa kan mutum 13. Doguwar shari'a da ɗaukaka ƙara da tsaro na musamman ne ke cinye kuɗin. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ana zuba wannan dukiya don gudun kuskure, alhali ɓarnar takan shiga tun ranar zaɓen masu taya alƙali, inda ba wanda ke sa ido sosai.

Sau shida aka gurfanar da Curtis Flowers a Misisifi kan tuhuma ɗaya. Wajen zaɓen masu taya alƙali a shari'o'in shida, mai gabatar da ƙara ya sallami 41 daga cikin baƙaƙen fata 42 da ya samu damar sallama. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2019, aka janye tuhumar a 2020, bayan ya shafe fiye da shekara 22 a tsare.