Resista mai wat 50 ba kullum take ɗaukar wat 50 ba

Babban darasin da aikin gwajin na'urori ke koyarwa shi ne, lambar wat da aka buga a jikin resista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wutar lantarki, tana da sharaɗi. Masu rigar alminiyam ɗin nan da aka rubuta wa wat 50, sai an ɗaure su a kan farantin da ke zuƙe zafi suke cika alkawari. Wadda aka ajiye a kan tebur haka nan, ko rabin wannan ba za ta jure ba. Ɗaurin ma da ƙa'ida: fuskar farantin ta zama sumul, a shafa man isar da zafi kaɗan, a matse sukurori biyun daidai wa daida. Man ya yi yawa, shi kansa ya zama katanga.

A ce za a gwada na'urar ba da wuta mai bolt 12 a kan amfiya 10. Ana buƙatar resista mai om 1.2 (om shi ne ma'aunin turjiyarta ga wuta), zafin da zai fita kuwa wat 120 ne. Maimakon resista ɗaya, gara a jera huɗu masu om 4.7, kai da kai, gindi da gindi. Jimla om 1.175 ke nan, kowacce na ɗaukar wat 30 da 'yan kai. A zaɓi masu wat 100, a sa fanka.

Inda ake yawan faɗawa shi ne wajen awo. Wayoyin mita kaɗai kan kai om 0.2, wanda a kan om 1.175 kuskure ne na kusan kashi 17 cikin ɗari. Maganinsa awo da waya huɗu: biyu su kai wuta, biyu daban su karanta bolt a kan ƙafafun resistar kanta, sannan a lissafi a raba adadin bolt da adadin amfiya, a samu om. Kuma a auna bayan ta ɗau zafi ta tsaya, ba tana sanyi ba. Resistar da takardarta ta ce tana gocewa kashi 100 cikin miliyan a kowane digiri, in zafinta ya ƙaru da digiri 100 na Salshiyos, ta iya gocewa da kashi 1 cikin ɗari. Ka ga wadda aka saya a matsayin mai kuskuren kashi 1 tana iya komawa ta kashi 2, ba tare da ta lalace ba.

Saura naɗi. Yawancin manyan resistoci waya ce a nannaɗe a ciki, wato koyil ne a ɓoye. A wuta mai tafiya hanya ɗaya babu ruwanka da wannan. Amma a gwajin amfilifaya da lodin om 8 wajen kilohaz 20, wato kaɗawa sau dubu 20 a daƙiƙa, ko wutar da ake kunnawa ana kashewa da sauri, naɗin zai gurɓata sakamako. Nan sai a nemi mai naɗin Ayrton-Perry, inda wayoyi biyu ke zagayawa ta fuskoki kishiyoyi suna soke juna, ko wadda aka yi da shimfiɗa maimakon naɗin waya, a irin gidan da ake kira TO-247.