Kalmar da ta ja mini takardar tuhuma

A ƙarshen wannan wata zan ajiye aikin fassarar labarai a gidan rediyon da na daɗe ina yi wa hidima, kuma da na zo kwashe takarduna sai na ci karo da takardar tuhumar da aka ba ni a 2011, wadda har yau raina yakan sosu idan na karanta ta.

Lokacin zaman kotunan sauraron ƙararrakin zaɓe ne. Saura minti 20 a karanta labaran yamma aka miƙo mini rahoton Turanci mai cewa kotu ta yi watsi da ƙarar wani ɗan takara domin ta same ta incompetent. A iya sanina a wancan lokaci, ma'anar kalmar rashin iya aiki ne, kuma tun da takarda ba ta yin aiki, sai na ɗauka da lauya ake. Na rubuta cewa alƙalai sun kori ƙarar saboda lauyan mai ƙara bai san aikinsa ba, aka kuwa karanta haka, har da sunan bawan Allahn. Alhali a bakin alƙali kalmar na nufin ƙara ba ta cika sharuɗɗan doka ba. Tsarin mulki ya ba da kwana 21 daga ranar bayyana sakamako a shigar da ƙorafi, wannan kuwa an makara da shi, kuma lauyan ma daga baya aka ba shi aikin.

Gari na wayewa lauyan ya turo wasiƙar barazanar kai mu kotu. Laifina na amsa shi, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne editan da ya duba labarin, ya sa hannu da jan biro, sannan ya tsaya gaban manaja ya ce idonsa bai taɓa ganin takardar ba. Na ce, "Yallaɓai, ga sa hannunka nan." Ya ce in iya bakina. Da azahar ya aiko mini takarda yana tuhumata da gross incompetence, wato da kalmar da ta kayar da mu biyu ya yanke mini hukunci ni kaɗai. Kwana 3 muna neman afuwar lauya a kan iska, ƙarin girman shekarar kuma ya wuce ni.

Wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a ɗakin labarai ne ya ja ni gefe, ya ce, "Ɗana, kwafsawa ka yi, kuma wanda ya kwafsa sau ɗaya daban yake da wanda bai iya ba. Bature yana da suna ga kowanne, ka je ka koye su." Daga ranar na buɗe ƙaramin littafi ina tara irin waɗannan kalmomi. Clumsy na jiki ne, mutumin da kofi ke suɓuce masa, ko yake tuntuɓe da tabarma. Negligent mai sakaci ne, ya iya amma bai kula ba. Shoddy aikin ha'inci ne, irin na ɗan kwangilar da ya rage siminti. Blunder katoɓara ce, quack kuwa likitan bogi. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce gauche, da Turanci ya aro daga Faransanci inda take nufin hagu, ashe ba mu kaɗai muke ɗora wa bahago laifi ba.

An ci moriyar littafin a watan Yuli na 2014, da Alhaji Umaru Dikko, tsohon ministan sufuri, ya rasu a Landan. Rahotanni suka tuno da botched kidnap na 1984, wato yunƙurin sace shi daga Landan, lokacin da aka sa masa maganin barci aka cusa shi a akwati, jami'an kwastan na filin jirgin Stansted suka buɗe suka same shi. Editan nan ya so a ce yunƙurin bai yi nasara ba kawai. Na dage cewa botched ta fi haka nauyi, domin tana nuna masu aikin ne suka kwaɓa shi da hannunsu, tun da akwatin ba ya ɗauke da cikakkiyar shaidar kayan jakadanci da za ta hana a buɗe shi. Da tawa fassarar aka karanta, bai ce komai ba.

Sauran abin da na koya kaɗan ne: kalmar kotu a tambayi lauya, kuma duk takardar da wani ya sa wa hannu a ajiye kwafinta.

Littafin zan bar wa yarinyar da za ta gaje ni, ya kai shafi 60. Takardar tuhumar da labarin mai jan biro kuwa na haɗa su na ninke, da su zan tafi gida.