Mutum uku, tebur ɗaya, da maganar shawara

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Baba ya buga mini ƙofa. "Uwata, tashi mu kama hanya." Intabiyun neman shiga karatun likita sai ƙarfe tara, amma duk wanda ya zauna a Agege ya san gosulon hanyar Oshodi ba ya jin magiya. Muka yi sallah, muka shiga danfo, ni rungume da fayil kamar jariri. A ciki akwai sakamakon JAMB, da na WAEC mai kiredit biyar ɗin da ake nema, da takardar haihuwa, da hotunan fasfo, da takardar shaidar ƙaramar hukuma daga garin su Baba a Katsina, garin da sau uku kacal na taɓa zuwa.

Abin da na manta shi ne kwafin takardun. Sai a bakin ƙofar makarantar na tuna, mai shagon hoton takardu kuma ya ga idona ya yi ja, ya tsuga kuɗi yadda ya ga dama. Wanda zai je irin wannan waje ya yi kwafi bibbiyu tun a gida.

Mun fi awa uku a kan benci. Na kusa da ni yana ta bitar sassan zuciya, ni kuma ina maimaita amsar da na haddace sati biyu a gaban madubi, wai ina son likitanci ne don in taimaki al'umma.

Mutum uku na tarar a ciki, maza biyu da wata farfesa dattijuwa mai furfura. Tambayar farko ita ce wadda na zata. Na zubo haddata tas. Farfesar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce tun safe kowa abin da yake gaya mata ke nan. Gumi ya karyo mini a ƙarƙashin hijabi.

Ɗaya daga cikin mazan ya tambaye ni shekara nawa karatun yake. Na ce shida, sai shekara guda ta aikin sanin makama a asibiti, sannan bautar ƙasa. Ya ce ko na san Dokta Stella Adadevoh? Wannan kam na sani. Ita ce ta hana Patrick Sawyer fita daga asibiti lokacin da ya shigo Legas da cutar Ebola a watan Yulin 2014, ta kamu, ta rasu a watan Agusta, kuma a kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba ta yi karatun likita. Ya gyaɗa kai, amma na ga alama amsar littafi ce a wurinsa.

Sai farfesar ta ce, ban da rashin lafiyar kaina, na taɓa shiga asibiti kuwa? Na ce tun ina 'yar shekara goma sha biyu matan layinmu ke ja na in yi musu tafinta, don da yawansu ba Turanci ba Yarabanci. Na ba su labarin maƙwabciyarmu da ta ce shawara ke damun jaririnta. A Hausa shawara na nufin ba da ra'ayi, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido da fata su yi ɗorawa. Ni da ƙuruciya na gaya wa nas cewa shawara matar ta zo nema. Allah ya sa nas ɗin ta buɗe idon yaron da kanta ta gani, aka kwantar da shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

A nan ta ajiye biro. Ta ce to, idan mace ta gaya mini wani ciwo a matsayina na likita, mijinta kuma ya tare ni a waje yana tambaya fa? Na ce sirrinta ne, sai da yardarta. Ta ce ko da mijin nata abokin mahaifina ne? Na ɗan yi jim, don na san irin mazan da take nufi, na san kuma nauyin da nake ji idan sun gaishe ni. Na ce zai yi mini wuya, amma ba zan faɗa ba. Ba ta ce daidai ne ba, ba ta ce kuskure ne ba, ta dai rubuta wani abu mai tsawo.

Sati biyun da na ɓata a gaban madubi, da zama na yi na tuna abin da idona ya gani a layin karɓar kati, da ya fi mini amfani.

Na fito na tarar da Baba a gindin bishiya da carbinsa, ya sayo mini gasasshiyar masara har ta huce.

"Yaya aka yi, Uwata?"

"Baba, labarin shawara na ba su."

Ya dube ni, ya dubi fayil ɗin. "Duk takardun nan da muka ɗauko?"