Gidan kan tudu da hanyar da take kai wa gare shi

Ofishina a unguwar Nima da ke Accra bai fi shagon tela girma ba. Tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka mai juyawa in ta ga dama, sai taswirar Ghana da na liƙa a bango tun ranar da na buɗe wurin. Motoci biyu gare ni, duka Sprinter. Ɗaya tawa ce tas, ɗayar kuma har yanzu ina biyan bashinta. Da su nake kai 'yan biki, in kai 'yan makaranta yawon buɗe ido, in ɗauko baƙi daga filin jirgi. Amma aikin da ya fi cin kaina, kuma shi na fi so, shi ne tafiyar bakin teku zuwa yamma.

Wata Laraba bayan la'asar Magajiyar wata ƙungiyar adashin mata ta Mamobi ta shigo, muka gaisa, ta miƙo mini waya. Hoton wani tsohon gidan dutse ne a kan tudu, bishiyoyin kwakwa a ƙasansa, teku a bayansa. Jikarta ce ta turo mata.

"Ɗana, nan muke so ka kai mu. Mu goma sha huɗu ne. Mu tashi da safe mu dawo da dare."

Na ce, "Hajiya, kin san inda gidan nan yake kuwa?"

"Ba gaba da Cape Coast kaɗan ba ne?"

Na tashi na ɗora yatsa a kan taswira, na bi da shi. Na wuce Cape Coast, na wuce Elmina, na haye kogin Pra a Beposo, na wuce Takoradi, na wuce Agona Nkwanta, sannan na sauka ƙasa wajen ruwa, kusa da Cape Three Points, inda ƙasar Ghana ta ƙare ta kudu. Na ce mata nan ne, Princes Town. Ta dubi yatsana ta dubi Accra, ta ce, "To ai a takarda ba nisa."

Wannan maganar ita ce sana'ata gaba ɗaya. Mai zuwa wurina hoto ya gani, hoto kuma ba ya nuna cunkoson motoci na Kasoa, garin da ake ratsawa in an fita Accra zuwa yamma. Abin da nake sayarwa lissafin awoyi ne, kujerar mota kuwa kowane direban trotro, wato motar haya, yana da ita.

Gidan da jikarta ta turo sunansa Gross Friedrichsburg. Mutanen Brandenburg, wata masarauta a ƙasar da ake kira Jamus yanzu, su suka kafa tutarsu a kan tudun ranar 1 ga Janairu 1683, ƙarƙashin wani hafsa, Otto Friedrich von der Groeben, suka sa wa wurin sunan sarkinsu, Friedrich Wilhelm. In ka saba da manyan fararen gine-ginen Cape Coast da Elmina, wannan zai ba ka mamaki, don ya fi kama da gidan wani attajirin ƙauye da aka zagaye da ganuwa. Shi ya sa yake kyau a hoto. Amma gidan fatauci ne, kuma cikin hajar har da mutane: daga wannan gaɓa jiragen Brandenburg suka riƙa kai bayi tsibirin St Thomas a Karebiyan. A 1717 sarkin Prussia, wanda Brandenburg take ƙarƙashinsa, ya sayar wa mutanen Holan da wurin. Sai dai wani babban ɗan kasuwa na ƙasar Ahanta, John Konny, ya ce bai san da wannan ciniki ba. Ya riƙe gidan da mayaƙansa, ya hana masu saye shiga har 1724. Da suka samu suka shiga sai suka sake masa suna Hollandia, ya zauna a hannunsu har 1872 da Holan ta miƙa wa Ingila duk abin da ta mallaka a wannan gaɓa. Yau yana cikin gidajen tarihin bakin tekun Ghana da UNESCO ta sa a jerinta a 1979, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce take riƙe da shi.

Labarin John Konny nake fara ba fasinjojina, don na lura mutanenmu suna gyara zama idan suka ji akwai baƙar fata da ya ce a'a har shekara bakwai.

Na gaya wa Magajiya kwana biyu za mu yi, ko kuwa ta nemi wani. Ba taurin kai ba ne, na taɓa ƙonewa. A farkon sana'ata wasu samari suka matsa mini a kan tafiyar yini ɗaya zuwa can, a watan Yuni, ni kuma ina neman kuɗin biyan bashin mota, na amsa. Ban yi tunanin cewa yammacin Ghana ya fi ko'ina a ƙasar nan ruwan sama ba, kuma Yuni ne tsakiyar damina. Muka bar babban titi muka shiga hanyar da ta ratsa gonakin roba, tayar baya ta nutse a taɓo har gindi. Samarin ƙauye ne suka turo mu, bayan mun yi ciniki. Mun isa tudun rana tana faɗuwa, muka ɗauki hoto a duhu-duhu, muka juyo. Ƙarfe biyu na dare ta wuce kafin mu ga fitilun Mallam Junction a mashigar Accra, direbana yana taunar goro yana marin fuskarsa don kar barci ya sace shi. Da na cire kuɗin mai da na turi da na gyaran ƙafar mota, abin da ya rage bai sayi buhun gawayi ba. Tun ranar ban sake kai kowa can tsakanin Mayu da Yuli ba, ban kuma sake yarda da yini ɗaya ba.

Yanzu ga yadda nake tsara ta. Ana sallar asuba a Nima, ana sallamewa mota tana kunne. Wanda ya makara ya same mu a waya. Dalili ɗaya ne, Kasoa. Sunan garin ma daga kalmarmu ta kasuwa ya fito, kuma ya amsa sunansa: idan ka bari gari ya waye maka kafin ka ratsa shi, za ka iya cin awa guda kana kallon bayan mota ɗaya. An daina karɓar kuɗin hanya a shingen wurin tun ƙarshen 2021, muka yi murna muna cewa an huta, cunkoson kuwa bai san an yi ba. Daga nan sai mahaɗar Winneba, mahaɗar Apam, sai Mankessim, inda nake tsayawa minti ashirin don ban ɗaki da karin kumallo. Koko da ƙosai nake sa a saya tun daga Nima a zuba a kula, don in ka saki mata goma sha huɗu a kasuwar Mankessim su nemi abinci da kansu, ka yi sallama da awa ɗaya.

Bayan Saltpond hanya takan matso kusa da ruwa sosai, nan ne mota take yin shiru kowa ya juya hagu. A Abandze akwai wani tsohon gini a kan tudu da ake hangowa daga titi, Fort Amsterdam, wanda Ingilishi suka gina, Holan ta ƙwace a 1665. Ba na tsayawa, nuna shi kawai nake yi da hannu. A Yamoransa kuwa dole in tsaya ko ban so ba, don ba macen Accra da za ta wuce tulin dokunun Fante, wato tuwon masara mai tsami, da aka naɗe a busasshen ganyen ayaba ba ta saya ba. Abin da na koya shi ne in ce musu a saya a dawowa. Wanda aka saya a tafiya kwana yake yi a mota.

Ranar farko Elmina ce zangonmu. Mutanen Fotugal suka gina babban gidan a 1482, kuma yawanci shi kaɗai baƙi suke shiga. Ni kuwa sai na hau da nawa tudun St Jago da ke fuskantarsa, don daga can ne sojojin Holan suka saita igwa a 1637 suka karɓe gidan, sannan suka gina nasu sansanin a kan tudun don kar wani ya yi musu abin da suka yi wa wasu. Daga sama kana ganin komai, gidan, gadar, da kwale-kwalen masunta cunkushe a bakin kogi da tutocinsu kala-kala. Hawan kuma gwaji ne a wurina. Ina tsayawa a baya ina kallon wace ce take dafa gwiwa, wace ce take neman wurin zama, don in san yadda zan yi da su gobe.

Ranakun ma sai an zaɓa. Talatar farko ta Yuli Elmina tana bikin Bakatue, Asabar ɗin farko ta Satumba Cape Coast tana Fetu Afahye. Mai son biki sai ya je, amma ya san masauki zai yi tsada, titi kuma ba nasa ba ne. Sallah kuwa ba ta taɓa ba ni wahala a hanyar nan ba, kusan kowane gari yana da zangonsa da masallacinsa. Duk da haka jarka biyu ta ruwa da butoci da tabarmi ba sa barin bayan mota. Maganar ƙasaru da haɗa salla ba na sa baki, nakan ce kowa ya tambayi malaminsa kafin ranar tafiya, ni harkar mota na sani.

A Takoradi muke kwana. Masauki sai na je na gan shi da idona, na buɗe famfo na ga ruwa, na tambaya ko akwai janareta. Da safe mu bi ta Agona Nkwanta, mu saki babban titi, mu gangara.

Kuɗi shi ne inda ake ɓatawa da mutane, don haka a takarda nake rubuta shi, kowa ya gani: mai, masauki, kuɗin shiga, ladan mai yi mana bayani, abincin direba da yaron mota, da ribata a fili. Rabin kuɗin kafin alƙalami ne, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, mako biyu kafin tafiya, kuma ba ya dawowa idan mutum ya fasa a daren ƙarshe. Shekarar 2022 ce ta koya mini in rubuta cewa farashi yana bin kuɗin mai, don a shekarar na sha yin ciniki a farkon wata in tarar da wani farashin dizal a ƙarshensa. Magajiya ta ce na yi tsada, wani a tasha ya ce zai kai su a kusan rabin haka. Na ce, "Hajiya, ki tambaye shi ko inshorar motarsa ta fasinja ce, ko takardar lafiyar motar tana da rai, ko safayar tayarsa tana da iska. In ya amsa duka uku, ki bi shi, ni ma zan ba shi aiki." Akwai shingayen 'yan sanda a hanyar nan, kuma motar da takardunta ba su cika ba, fasinja ne suke biyan kuɗin da zaman rana. Bayan kwana uku wayata ta yi ƙara, kafin alƙalami ya shigo.

A watan Janairu muka tafi, hanya a bushe, hazo ya ɗan rufe teku. Mutum biyu suka fasa, aka cike gurbinsu da jikoki. A gindin tudun na ce wadda ba za ta iya ba ta zauna a inuwa, ba abin kunya ba ne. Magajiya, wadda na ga ta huta sau uku a St Jago, ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta ce ba ta biya kuɗi don ta kalli taya ba. Yaron motata ya riƙe mata jaka, ita ta riƙe kafaɗar jikarta, suka hau a hankali.

A sama iska tana kaɗawa, tsofaffin igwa sun yi tsatsa suna kallon ruwa. Matan suka bazu suna ɗaukar hoto, ana gyara ɗaurin ɗankwali, ana dariya. Sai mai bayani ya kai mu wani ɗaki a ƙasa, mai duhu da warin danshi, ya faɗi abin da aka riƙa ajiyewa a ciki. Dariya ta ɗauke. Wata dattijuwa da ba ta ce uffan ba tun Accra ta tambaye ni da Hausa ko cikin waɗanda aka tsare a irin ɗakunan nan akwai mutanen arewa. Na ce mata kasuwar Salaga ta yi suna da cinikin bayi kamar yadda ta yi suna da goro, kuma daga arewa an gangaro da mutane da yawa zuwa gaɓar nan. Ta ɗaga hannu ta fara addu'a, sauran suka bi, mai bayanin ya cire hularsa ya jira muka shafa.

Da muka sauko yaran suka nufi ruwa da gudu, na daka musu tsawa. Tekun nan yana da ja a ƙarƙashi, kuma dokata ita ce ruwa iya idon sawu, ko ɗan wane ne. Ƙarfe ɗaya na rana na sa aka tada mota, don ina so mu ratsa Kasoa kafin dare ya yi nisa. A Yamoransa aka cika bayan mota da dokunu har yaron motata ya rasa inda zai sa ƙafa.

Mun shigo Mamobi bayan isha. Magajiya ce ta sauka a ƙarshe, ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗana, jikata ta ce akwai wani kuma a Axim." Na ce akwai, Hajiya, gaba yake da wanda muka je. Ta ce in rubuta musu lissafi, amma bayan azumi.